Basiratu ta Babi na Huɗu

Motar ba ta gama shan kwanar shiga Tungar Aduwa ba Sa'adiyya ta hango huluna. Gindin gawon da ke bakin makarantar firamare ya cika da maza, wasu a kan benci, wasu a kan buzu, wasu sun jingina da keken jaki. Matan da aka shirya taron dominsu kuwa suna can gefe a kan tabarmi, sun takure kamar aron wurin aka ba su.

"Madalla," in ji Farfesa Magagi daga kujerar gaba, yana gyara tabarau. "Kin ce mini mata kaɗan ne za su zo, ga shi gari kaf ya fito. Haka ake son bincike."

Sa'adiyya ta sake duban hulunan. Ta ƙara rungume jakar da ke cinyarta, ta ji gumi yana bin bayanta duk da sanyin motar.

Shekara ta biyar ke nan tana karatun digirin dakta a fannin nazarin zamantakewar al'umma a Yamai. Abin da take bincike a kai shi ne yadda mata ke tafiyar da gida a ƙasar Kurfai idan maza sun tafi cin rani. Kowace shekara, da zarar an kai hatsi rumbu maza sun kama hanyar Libiya da Kwatano da Abijan, sai ta hau motar Filinge, daga can ta ƙarasa ƙauyen mahaifiyarta, ta sauka a gidan Kawu Ibrah, yayan uwarta, wanda shi ma a lokacin yana can Libiya yana aikin gini. A shekarar farko matan ba su gaya mata komai ba sai "lafiya lau" da "sai godiya". Sai da ta yi daka da su, ta je rijiya, ta rantse ta sake rantsewa cewa ba sunan wadda zai fito a takarda, sannan bakuna suka buɗe. Da suka buɗe kuwa, har batirin rakodarta ya riƙa ƙarewa ba su gama ba.

Farfesa Magagi, wanda ke duba aikin, yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba zai sa hannu ɗalibi ya kare kundinsa gaban alƙalan jami'a ba sai ya koma wurin mutanen da ya yi bincike a kansu ya karanta musu abin da ya gano, shi kuma yana zaune yana ji. Sa'adiyya ta tsara a yi wannan a watan Janairu, lokacin da babu namiji a ƙauyen sai liman da maigari da tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi. Sai taro ya taso wa Farfesa a Dakar. Da ya dawo aka shiga yajin aiki. Da aka janye yajin aiki aka yi masa jika. Ana haka har Yuni ya kama, maza suka dawo da katifu da rediyoyi, ruwan shuka kuma bai sauka ba, ba su da abin yi sai zaman inuwa da kallon gabas.

Tana fitowa daga mota Inna Habsa, matar Kawu Ibrah, ta tare ta, ta karɓi jakar kamar mai taimako, ta ja ta bayan motar.

"Kawunki ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun da ya ji babban malami za shi zo daga Yamai sabili da ɗiyar ƙanwarshi, ya sa anka yi shela har ƙauyen gaba. Rabin waɗanga sun zaci takin zamani za a raba."

"Inna, ban san haka za ta faru ba. Wallahi da na sani..."

"Ke dai ki karanta abinki. Amma kin tuna abin da kinka rantse."

"Na canza sunayen duka, Inna. Na bi gida gida, na zaɓi waɗanda babu mai su a garin nan."

"Ni wane kinka ba ni?"

"Basiratu."

Inna Habsa ta ɗan juya sunan a baki. "Ba laifi. Ya fi nawa ma."

Kawu Ibrah ya iso cikin babbar riga sabuwa mai ƙamshin shago, ya kama hannun Farfesa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, da murya irin wadda ba ta buƙatar lasifika. Ya zaunar da baƙon a kujerar darektan makaranta, kusa da maigari, sannan ya juya ga jama'a ya sanar da su cewa wannan ɗiya tasu ta rubuta littafin da ya fi tubali nauyi, kuma duk a kan Tungar Aduwa.

Bayan addu'a Sa'adiyya ta miƙe da takardun da ta fassara zuwa Hausa. Ta riga ta yanke shawara a zuci: babi na ɗaya za ta karanta, ta ja shi har rana ta yi zafi kowa ya gaji. Ta fara da tarihin kafuwar garin. Ta shiga yawan ruwan sama na shekaru da dama, shekara bayan shekara. Ta bayyana ma'anar kalmar "gida" a wurin masana daban-daban, da inda suka yi saɓani. Dabarar ta fara aiki. Maigari ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya. Wasu samari suka sulale. Wani daga baya ya tambaya ko bayan wannan ne za a zo maganar taki.

Farfesa ya yi gyaran murya.

"Sa'adiyya, wannan duk shimfiɗa ce. Mutane sun bar ayyukansu. Je ki babi na huɗu, shi ne zuciyar aikin."

"Farfesa," ta ce da Faransanci, tana rage murya, "yanayin bai dace ba. Mazajensu na nan."

"Shi ya sa ya dace," ya amsa da Faransancin shi ma. "Sunayen a ɓoye suke, ko ba haka ba? Binciken da ba ya iya tsayawa gaban mutanensa ba zai tsaya gaban alƙalai ba. Ni kuma ba zan sake yin wannan hanya ba a bana."

Ta san abin da hakan ke nufi: wata shekara guda, ga tallafin karatunta ya ƙare tun bara, ga mahaifiyarta ta daina amsa wa masu tambayar yaushe za a gama. Ta dubi tabarmar mata. Inna Habsa tana gyara ɗankwali, idonta na kan wata akuya da ke wucewa.

Sa'adiyya ta buɗe babi na huɗu.

"Wata mata da na kira Basiratu ta ce mini: ‘Namiji ba a ce mishi an yi. Ce mishi ake ba a san yadda za a yi ba. Bara rumbunmu ya tsage. Na sai da rago, na kira magina, anka gyara, anka shafe. Ran Juma'a, bayan masallaci, ya kira kamar yadda ya saba. Na ce, maigida, rumbu ya tsage, ni kam kaina ya ɗaure, ga ragon nan kuma sai cin dussa shi ke. Ya yi shiru yana tunani. Can ya ce, a sai da ragon a gyara rumbu. Na ce, kai, Allah shi ƙara ma hangen nesa, ni wannan ba ta zo mini ba.’"

 Maigari ya buɗe ido. Samarin da suka sulale suka fara dawowa da baya-baya.

Kawu Ibrah ne ya fara fashewa da dariya. Ya buga cinyarsa har hularsa ta karkace.

"Wayyo, bawan Allah," ya ce yana share ido. "Ci gaba, ɗiyata, ci gaba. Mi ta sake yi mishi?"

Dariyar ta bazu. Sa'adiyya ta ci gaba. Ta karanta yadda Basiratu ta mayar da yarinya makaranta wata biyu kafin maigidan ya ba da umarnin a mayar da ita, da yadda ta ba da aron gonar fadama sannan ta bar shi ya yi mata faɗa a waya kan me ya sa har yanzu ba ta ba da aron ba. Kowane namiji yana dariya yana satar kallon maƙwabcinsa. Idi mai faci ya zunguri na kusa da shi, na kusa da shi ya nuna wani da baki. Babu wanda ya dubi tabarmar mata, inda fuskoki suka zama kamar na masu zaman makoki. Sa'adiyya ta fara jin numfashinta na dawowa. Farfesa yana ta rubutu yana gyaɗa kai.

Sai wani mutum ya miƙe daga benci na biyu. Zaidu ne, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sa'adiyya ta san gidansa ne kawai daga waje, domin tun shekarar farko ya bar saƙo cewa matarsa ba ta magana da masu takarda. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Maimaita sunan," ya ce.

"Basiratu. Amma ba sunan gaskiya ba ne, Malam Zaidu. Babu mai wannan suna a garin nan, shi ya sa na..."

"Babu?" Ya juya ga liman. "Malam, kai ka ɗaura aurena. Mi ne sunan yanka na iyalina?"

Liman ya shafa gemu, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "To... in ban mance ba, Ladi dai Basiratu anka raɗa mata."

Duk idanu suka koma kan wata siririyar mata a ƙarshen tabarma, da goyo a baya. Tun tana jaririya ake kiranta Ladi saboda ran Lahadi aka haife ta, ita kanta sai da ta ɗan yi jim kafin ta gane da ita ake. Nan Sa'adiyya ta gane kuskurenta. Ta tambayi sunan kowace mace a garin, ba ta taɓa tambayar wanda aka raɗa ran suna ba.

"Na dawo bana ban iske ragona ba," in ji Zaidu, muryarsa na hawa. "Anka ce mini leda ya ci ya mutu. Na yarda. Ashe a littafi zan ji inda ya tafi, gaban baƙi, ana yi mini dariya."

"Leda ya ci," in ji Ladi, da ƙyar ake jin ta. "Jummai ta gani, da ita munka ja shi bayan gari."

"Ke, rufe mini baki. Tashi ki haɗa kayanki. Yau ɗin nan za ki kwana gidanku, can ki ƙarasa rubuta littafin."

Dariya ta ɗauke. Goyon Ladi ya fara kuka. Sa'adiyya ta matso gaba.

"Malam Zaidu, na rantse da Allah ban taɓa zama da matarka ba. Kai da kanka ka hana. Wata ce daban, ni na laƙa mata sunan."

"To wace ce? Faɗi sunanta, in zamna."

"Ba zan iya ba. Na yi alkawari."

"Kun ji ko."

Farfesa Magagi ya ga lokacin shigarsa ya yi. Ya miƙe, ya ɗaga yatsa, ya bayyana wa jama'a cikin Hausar da ta sha Faransanci cewa a ilimi akwai ƙa'ida: duk abin da ke cikin kundin gaskiya ne tsantsa, an ɗauke shi a rakoda, amma mai bincike ba ya tabbatarwa kuma ba ya musantawa cewa wance ce ta faɗa, ko da za a kai shi kotu.

"Ba ya musantawa," in ji Zaidu. "Na gode, malam. Kai ka fi ta gaskiya."

Farfesa ya koma ya zauna.

Sa'adiyya ta dubi tabarma, abin da ta gani ya fi komai tsorata ta. Inna Habsa ta daina kallon akuya. Ta ɗaure bakin zanenta, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, tana shirin tashi. Sa'adiyya ta san matar kawunta: ba za ta zauna a kori yarinya da goyo saboda maganarta ba. In kuwa ta tashi, Kawu Ibrah, wanda ya tara garin nan da kansa, ya fi kowa dariya, shi zai koma abin nuni a kowace majalisa daga nan har kasuwar Filinge. Kuma babu macen da za ta sake gaya wa mai takarda ko sunan akuyarta.

"Zaidu, zamna."

Kawu Ibrah ne. Bai tashi ba, ya dai miƙe ƙafa yana gyara hula.

"Zamna, in ji. Ɗiyata, koma wurin rumbun nan. Yaushe anka ce mijin ke kira?"

"Ran Juma'a, Kawu. Bayan masallaci, kamar yadda ya saba."

"Kamar yadda ya saba." Ya juya ga maza a hankali. "Jama'a, ku ji tsoron Allah ku ba ni amsa. Tun da Zaidu ya fara tafiya Kwatano, wa ya taɓa jin ya kira gida?"

 Sai Idi mai faci ya ce, "Ko da tsohuwarshi ta yi ciwo, ni anka kira in gaya mishi."

"Ladi ko salula ba ta da," wata murya ta faɗa daga tabarmar mata.

"Ni na hana," in ji Zaidu da sauri. "Mace da salula, fitina."

"To ka gani. Kai ba ka kira, ita ba ta da abin amsawa. Ta ina ta juya ka, ta mafarki? Wanga miji na littafi mutum ne mai kiran gida duk mako, shina tambayar yara, shina tambayar bisashe. Wa zai kalle ka ya ce kai ne?"

Dariya ta dawo, wannan karon da sauƙi a cikinta. Zaidu ya tsaya yana auna maganar, bai tabbata ko wanke shi aka yi ko zaginsa ba. Daga bisani ya zaɓi wankin.

"Ni dai ba a juya ni," ya ce.

"Kowa ya shaida. Ragonka kuma leda ya ci, ni ma da na dawo na ga ƙahonshi bayan gari."

Zaidu ya zauna. Bai dubi matarsa ba, amma bai sake maganar kaya ba. Inna Habsa ta saki bakin zanenta, ta koma neman akuyar da ido.

"To wane ne ke nan?" in ji Idi. "Wa ke kira ran Juma'a?"

"Kai kana kira," in ji Kawu Ibrah. "Kamal na kira. Duk wanda ke Libiya ran Juma'a shi ke hutu, ni ma ina kira. Sai dai ni a gidana an san mai magana. Kowa shi je shi binciki rumbunshi."

Daga nan taron ya kuɓuce daga hannun kowa. Maza suka shiga lissafa wa juna raguna da rumbuna, kowa yana da hujjar cewa ɗan'uwansa ne. Maigari ya ce a rubuta a littafin cewa shi bai taɓa zuwa cin rani ba. Mai tambayar taki ya sake tambaya, aka ce masa babu, ya ce ko ba komai zuwansa bai faɗi ƙasa ba. Liman ya shafa fatiha.

Ana naɗe tabarmi Ladi ta raɓo kusa da Sa'adiyya kamar mai neman takalmi. Sa'adiyya ta fara ba ta haƙuri, ta katse ta.

"Ba komai. Amma in kin samu wuri, ki sake karanta mini zancen takwarar nan tawa. A hankali, yadda zan riƙe."

An kai wa baƙo fura da soyayyar zabuwa a gidan Kawu Ibrah. A madafa Inna Habsa ta kama kunnen Sa'adiyya ta ɗan murɗa, sannan ta saki tana murmushi.

"Kin kusa kashe ni yau. Amma kin ga kawunki? Ko a jikinshi. Har tausayin mutumin shi ke ji."

Farfesa ya ci ya yi nak. Yana wanke hannu ya gaya wa Sa'adiyya cewa bai taɓa halartar taro mai armashi irin wannan ba. Babban abin da kundin ya ce, wato mata ke mulki maza kuma ba su sani ba, yau ya gan shi da idonsa. Da sun isa Yamai zai sa hannu, a tsayar da rana kafin hutu. Ya ce ta yi sallama da dangi, yana son su wuce Filinge da sauran rana.

Ta sami Kawu Ibrah a bayan gida, ya tuɓe babbar riga, yana zaune a gindin rumbu yana ɗaure ƙotar sungumin shuka. Ta durƙusa.

"Kawu, na gode. Ka ceci auren Ladi, ka cece ni."

"Ba ku na ceta ba." Bai ɗago ba. "Na ga innarki ta dafa ƙasa."

Sa'adiyya ta gane: ashe ya san matarsa ce Basiratu. 

"Ni magini ne, ɗiyata. Na dawo na ga shafen rumbun ga, na san ya girmi umarnina. Ba tun yau ba kuma. Tun kina lakwal, kina 'yar firamare, take yi."

"Kuma ba ka taɓa nuna mata ba?"

"In nuna mata don mi? Ina can wata ƙasa bisa katanga da bulo a hannu, ina zan san ko rago ya kamata a sayar ko tunkiya? Ita ke gani. Ta yi abin da ya dace, ta bar mini girmana, ni kuma in bar mata wayonta. In ta san na sani, daɗin ya tafi. Sai ta fara tambayata da gaske, ni kuma in fara ba da amsa da gaske, gida shi lalace." Ya ja igiyar da haƙori. "Kada ki gaya mata."

"Sauran mazan fa? Su ma sun sani?"

"Idi ya sani. Kamal, ban tabbata ba, shi kam wataƙila da gaske shi ke. Kin ga masu dariya da ƙarfi ɗazu? Fara da su."

"Amma Kawu, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Yaushe? Kina zuwa mun tafi, muna dawowa kin koma."

Daga ƙofar gida direba ya danna oda. Sa'adiyya ta tashi a hankali, ta zagayo. Ta wuce Inna Habsa tana kankare tukunya tana 'yar waƙarta. Jakar kundin na kan kujerar baya inda ta ajiye ta bayan taron, shafi ɗari huɗu da wani abu, da jimlar ƙarshe da ta kwana uku tana gogewa, wadda yanzu ta san rabinta ba haka ba ne. Ba wanda zai gane a Yamai. Alƙalan ba su taɓa taka Tungar Aduwa ba, Farfesa kuma ya gani da idonsa. Ta tuna mahaifiyarta da atamfar da ta saya tun bara ta ajiye don ranar.

Ta buɗe ƙofar, ta ɗauki jakar, ba ta shiga ba.

"Farfesa, ina roƙon a ɗaga ranar zuwa bayan girbi."

Ya cire tabarau. "A ɗaga? Ke da kike bina har masallaci kan in sa hannu?"

"Ban yi hira da maza ba. Da damina kawai ake samunsu."

"Maza ai mun ji su yau. Ba su san komai ba."

"Ina so in ji yadda ba su sani ba, ɗaya bayan ɗaya."

"Wani ya gaya miki wani abu ne?"

"Ba na tabbatarwa, Farfesa, ba na kuma musantawa."

 Farfesa ya mayar da tabarau, ya ce shi a rayuwarsa ba ya son jinkiri, amma tun da ta nace, ta kawo masa sabon babin a watan Nuwamba, in yana gari. Motar ta juya ta kama hanyar Filinge, yara na bin ta da gudu.

Da ta koma bayan gida Kawu Ibrah ya gama da sungumin, yana tsaye yana duban gabas, inda sama ta fara yin baƙi. Ya dubi jakar, ya dubi takalmanta masu tsini.

"Motar ta bar ki?"

"Ni na bar ta. Hira nake so da ku, Kawu. Gobe zan zo majalisa da rakoda."

"Majalisa ta tashi. In wancan hadari ya sauka, gobe ba ki samun namiji a inuwa sai Zaidu, shi ma don ba shi da iri. Mai son zance da mu shi biyo mu gona. Ni ina sara, ke kina zuba iri kina rufewa da diddige. Kin iya?"

"Na taɓa yi ina ƙarama."

"To. Je ki ce ma innarki ta ara miki takalmin roba. Ki ce ni na ce."

Ta tarar da Inna Habsa a ƙofar madafa, ta isar da saƙon. Inna ta ce to, tun da maigida ya ce. Ta nuna mata ɗakin da ta saba sauka. An riga an share shi, an shimfiɗa tabarma, an ɗaura gidan sauro.